Khalti Asha da 'Yan Hayan Akwatin Ƙarfe

Abin da na fara lura da shi a ɗakin aikin Khalti Asha shi ne girman rubutun da ke kan allon kwamfutarta. Kowane harafi ya kai tsawon yatsana, irin rubutun da ake bugawa a jikin buhun riɗi. A gefen madannai kuma ga gilashin ƙara girma mai mariƙin katako, irin wanda masu duba iri ke riƙewa a kasuwar hatsi.

Na san dalili, domin Ustaza Mahasin ta gaya mana tun a cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku. Ita ce malamar da ke kai 'yan ajinmu wuraren da mata ke aiki, mu gani da idonmu kafin mu zaɓi abin da za mu karanta. Ta ce Khalti Asha, wadda duk unguwa ke kira Khalti, wato Inna, ko da ba dangi, tana da yana a idanu biyu. Likitan Kasala ya ce na hagun ba zai jira wata shekara ba. Aikin da jinyarsa za su ci makonni. Bara ta ce sai bayan kaka, kaka ta wuce ba ta je ba, ga shi bana ma damina tana ƙarewa. Ba tsoron wuƙa take yi ba. Ba ta da wanda za ta bar wa injinan ne.

"Kuma kada wadda ta yi mata maganar ido," in ji Ustaza. "Da ke nake, Tasnim."

Tasnim ce mai bakin ajinmu. Ni kuwa ko sunana aka kira sai na haɗiyi yawu kafin in amsa. Shi ya sa da muka shiga na tsaya a bakin ƙofa, kusa da takalma.

Ɗakin yana bayan wata masana'antar tace riɗi, a hanyar fita gari. A waje ƙanshin riɗi da zafi, a ciki sanyi kamar asubahin hunturu. Khalti Asha gajeriya ce, ta yafa farin tob, wato lafaya, irin na ma'aikata, amma da rigar sanyi a ƙarƙashinsa. A kusurwa akwai akwatin ƙarfe mai tsayin firji, ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa a gabansa. Wayoyin da suka fito ta bayansa kowace an ɗaura mata zare: wata ƙulli ɗaya, wata biyu, wata uku. Na ga tana shafa su da yatsa tana magana, ba ta ko kallonsu.

Tasnim ta zagaya akwatin ta ce, "Khalti, shi ke nan aikin? Ana zaune cikin sanyi ana danne-danne? Yayana ya ce in kwamfuta ta yi nauyi, a kashe a kunna, khalas, an gama."

Ustaza ta harare ta. Khalti Asha kuwa dariya ta yi har da buga cinya.

"Yayanki ya san rabin sana'ar, ya bitti, 'yata. Ɗaya rabin shi ne sanin ranar da in ka kashe ba za ta tashi ba. Ku zauna. Ba kujeru, ku hau kwalayen nan."

Ta ɗora hannu a kan akwatin. "Wannan sunansa sirfar. Ƙarfe ɗaya kuke gani, amma kwamfutoci da yawa ke zaune a cikinsa, ba su da jiki, kowace tana zaton ita kaɗai ce a duniya. Ni 'yan haya nake ce musu. Akwai ta mizanin da ke auna loroci a waje. Akwai ta ɗakin gwajin jini na asibitin da ke ƙetaren titi. Akwai ta masana'antar nan, da wasu ƙanana. Ɗaki kowa da nasa, ƙwaƙwalwa ma na raba musu. Amma faifan ajiya, inda ake rubuta komai a kuma karanto shi, wannan famfo ɗaya ne a tsakar gida. Wadda ta taɓa zaman gidan haya ta san inda faɗa ke tashi."

"A famfo," muka ce, har da ni a ƙasa-ƙasa.

"To aikina ke nan tun kuna goye. Layin famfo."

Aikin farko da aka ba ta a sana'ar, in ji ta, shara ne. Lokacin tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kasuwa. Wani injiniya daga Madani, Ustaz Babikir, yakan zo duba kwamfutocin 'yan kasuwa. Ta dame shi da tambaya har ya gaji ya miƙa mata burushi da ɗan mafici mai hura iska, ya ce ta riƙa bin sa tana fitar da ƙaiƙayin riɗi daga cikin injina. Ta daɗe tana haka bai bar ta ta taɓa ko madanni ɗaya ba. Wata rana ya kama hannunta ta saman mayafi ya ɗora a jikin ƙarfe, ya ce, "Me kika ji?"

"Na ce ina jin rawa. Ya ce wace iri? A nan karatu ya fara. Faifai mai juyi allura gare shi, tana tsalle tana neman wurin da aka aike ta. In mutum ɗaya ke aikenta, kuma abin a jere yake, za ki ji guna mai santsi. In 'yan haya suka taru kowa yana janta gefensa, sai ki ji kar-kar-kar, kamar kaji a kan faranti. Faifan bai lalace ba. Gajiya da aike ne."

Ta ce Ustaz Babikir doka ɗaya gare shi: kada ki gyara abin da ba ki auna ba. Abin da ake aunawa kuwa lamba ce guda, wato jinkiri: tsawon lokacin da ɗan haya ke tsaye a famfo kafin bokitinsa ya cika. Da ɗan mitsitsin yankin daƙiƙa ake ƙirga shi.

"In lambar tana ƙasa da goma, sai ki sha shayinki. In ta haura hamsin, waya za ta yi ƙara. In ta kai ɗari biyu, mai wayar da kansa zai zo."

Aikin ɗakin gwajin jini shi ne na farko da ta yi ita kaɗai. Mai kula da wurin ya zo yana cewa kwamfutarsu ta tsufa, sakamako ɗaya sai an yi ta jira kafin ya buɗe, a saya musu sabuwa. Ta auna. Faifan ba ya shan wahala, amma ɗan hayar yana jira. Da ta bincika sai ta ga wanda ya kafa shi tun farko ya bar shi yana magana da faifan ta wata tsohuwar hanya. Sirfar ɗin yana kwaikwayon faifan zamanin da, ɗan hayar yana yi masa magana da tsohon yare, ana fassarawa, a mayar da amsa a sake fassarawa.

"Kamar kakarki a gaban likita, da tafinta a tsakani. Ta ce cikinta, a ce wa likita, likita ya tambaya, a dawo mata. Na cire tafintan, na sa masa manhajar da ke magana kai tsaye. Ban sayi ko ƙusa ba. Mutumin nan har yau in ya gan ni sai ya yi mini godiyar sabon injin."

"Ba ki gaya masa ba?" in ji Tasnim.

"Na gaya masa sau uku. Ya fi son labarinsa."

Sai ta kawo labarin Hajj Musa, mai kula da mizani. Shi kullum da hantsi yake kira, kuma ba ya sallama sai ya gama faɗa. Mizani yana tafiya lafiya da sassafe, yana tafiya lafiya da yamma, amma da hantsi sai ya daskare, daidai lokacin da lorocin gonakin Simsim ke isowa. Ta duba waya, ta duba mizanin, ba komai. Sai ta zauna ta zuba wa lambar ido kwana da kwanaki. Ashe akwai ofishin masu loroci a cikin 'yan hayarta a wancan lokaci. Magatakardansu mutum ne mai tsari. In za su fita fatur, wato karin kumallon hantsi, sai ya kunna kwafe duk ajiyarsu, don aikin ya yi kansa suna can suna cin ful, dafaffen waken nan.

"Shi a ganinsa ya yi dabara, ofis ba kowa. Bai san ya kafa ganga a bakin famfo ya tafi ba. Ban yi masa faɗa ba. Na roƙe shi ya mai da kwafin bayan la'asar, sannan na rage masa girman bokiti daga nan, yadda ko ya manta ba zai tare wa kowa ba. Rabin aikin nan, ya banat, 'yan matana, ba a cikin akwati yake ba. Sai kin san lokacin da mutane ke cin abinci."

Ta jawo aljihun tebur ta nuna mana kayan aikinta. Ba su da yawa: sukurdireba mai maganaɗisu a baki, tocila, burushin da gashinsa ya kusa ƙarewa, na'urar auna wuta, da wani ɗan batir baƙi mai kumburarren ciki. Shi ta ɗaga.

"Wannan ba ya aiki. Na ajiye shi ne don in riƙa tunawa."

Ta ce a tsakanin 'yan haya da faifai akwai wani ɗan kati mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. In ɗan haya ya miƙo rubutu, katin yakan karɓa ya ce "an rubuta", alhali bai kai faifan ba tukuna. Yana tarawa ne ya jera, ya kai gaba ɗaya. Wannan ke sa komai sauri.

"To ƙarya yake yi ke nan," in ji Tasnim.

"Alkawari yake yi. Batir ɗin nan shi ne mai tsaya masa. In kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke, batir zai riƙe abin da ke hannun katin har wuta ta dawo. In babu batir kuma, wuta ta ɗauke, abin da aka ce an rubuta ya bi iska. A garin da wuta ba ta ɗaukewa mutum zai iya caca da wannan. Mu a Gadarif muke."

Daga nan ta shiga labarin mummunar shekara. Ba ta canza murya ba, sai dai ta daina dariya.

Shekarar da mutanen Khartum da Madani suka gudo wa yaƙi suka cika garin nan ce, har makarantarmu ta zama masauki. Duk mun tuna. Ɗakin gwajin jini aikinsa ya ninka. Kayan gyara sun daina zuwa. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya na wani lokaci, zafi ya kumbura batir ɗin, katin ya daina alkawari, ya koma sai ya kai rubutu faifai kafin ya amsa. Komai ya yi nauyi, amma ana lallaɓawa.

A lokacin tana da mataimaki, Nuraddin, ɗan manoman Basunda da ya gama karatun kwamfuta. Ta ce ba ta taɓa samun mai hankalinsa ba. Daminar nan ita tana yawan fita, gidanta cike da baƙi, ga wasu ofisoshi da suka yi ƙaura suna nemanta. Shi ta bar wa ɗakin.

"Akwai abin da muke kira ɗaukar hoto. Za ki ce wa ɗan haya, daga yanzu kada ka taɓa tsohon rubutunka, duk sabon abu ka sa a sabon shafi a samansa. In wani abu ya ɓaci, sai a yar da na saman a koma na ƙasa. Dabara ce mai kyau, ta kwana ɗaya ko biyu. Bayan nan dole a haɗe shafin da na ƙasa su koma ɗaya. To Nuraddin ya lura duk sanda hadari ya haɗu ta gabas, wuta za ta ɗauke. Sai ya riƙa ɗaukar wa kowane ɗan haya hoto da zarar ya ga gari ya yi baƙi. Haɗewa kuma tana son wuta mai ɗorewa, yana tsoron ya fara a ɗauke a tsakiya. Sai ya bari sai gobe. Gobe kuma wani hadarin. Kun dai san daminar Gadarif."

"Kullum," in ji Ustaza.

"Kullum. Kafin ruwa ya ɗauke, hotuna sun hau kan juna kamar kisra, siririyar gurasar nan, a faifai. Kina neman ta ƙasa, sai kin ɗaga na sama ɗaya bayan ɗaya. Da damina ba wanda ya ji, mizani yana hutu. Sai riɗi ya shigo."

Ta ce ranar da ta dawo ta tarar da loroci sun yi layi daga bakin mizani har babban titi, na Simsim da na Fashaga. A saman buhuna ga leburorin yankan riɗi da suka biyo lorocin zuwa gari, wasu za su wuce gida, wasu zazzaɓi ya kawo su asibiti. Rana ta take. Auna lori ɗaya sai a dafa jabana, wato gahawa, a sha a sake ɗorawa bai fito ba. A ƙetaren titi kuma masu jiran sakamakon jini suna kwance a inuwar katanga.

Hajj Musa ya shigo ɗakin da takalmansa. Wani ya gaya masa ana iya tilasta wa katin ya ci gaba da alkawari ko babu batir. Ya ce ta kunna.

"Na ce ya Hajj, in na kunna, wuta kuma ta ɗauke, ba nauyin riɗinka kaɗai zai ɓace ba. Jinin mutane yana cikin akwatin nan. Ya ce to ki fita ki gaya wa direbobi da bakinki. Na ce to."

Ta fita ta hau kan ƙarfen mizanin ta yi musu bayani. Ta ce gyaran yana nan, amma yana son wuta daga safe har faɗuwar rana ba yankewa, kuma mizani zai tsaya cak a ranar. Injin wuta suna da shi. Jaz, wato man dizal, shi ne babu, gidajen mai duk a bushe. Aka yi ta hayaniya. Wani ya ce a kira namiji. Sai wani tsohon direba daga Fashaga, mai hula a karkace, ya ce, "Ya bashmuhandisa, babbar injiniya, injin naki jaz yake sha ko shayi?" Ta ce jaz. Ya juya ya ciro tiyo daga bayan kujerarsa, ya zura a tankin lorinsa, ya zuƙa ya tofar, ya tara galan.

"Daga nan sai kowa ya ji kunya. Wannan ya kawo rabin galan, wancan gwangwanin mai, wani kwalbar ruwa. Har wanda ya ce a kira namiji ya kawo, yana ƙunƙuni. Washegari da sassafe muka tada inji. Nuraddin ya zauna a gindinsa da mazurari, cikin rana, ya ƙi shiga inuwa ya ƙi cin abinci. Ni ina nan ina haɗe hotuna, na asibiti da farko. Akwai wani layi da ke nuna inda aiki ya kai. Ya tafi, ya tafi, da ya kusa ƙarshe sai ya tsaya. Ba ya gaba ba ya baya. Hajj Musa yana leƙowa yana cewa ya mutu, kashe ki kunna."

Ta juya wajen Tasnim. "Ranar da na ce miki ke nan."



"Na ɗora hannu a jikin ƙarfe, na ji allura tana aiki. Na ce ba mai taɓawa. Muka zauna. Ana kiran la'asar yana nan inda yake. Rana ta yi ja, jaz saura na ƙasan galan, sannan layin ya cika. Lambar ta faɗo. Lorin farko ya hau mizani, takarda ta fito kafin direba ya sauko."

Amma ba a fita lafiya ƙalau ba, in ji ta. Faifai ɗaya ya mutu a makon saboda wahalar da ya sha. Ofishin masu loroci suka kwashe ajiyarsu suka bar ta, ba su dawo ba. Nuraddin ya yi wata kaka ɗaya, sannan ya sami aiki a Bur Sudan, ita ta rubuta masa shaida.

"Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ɗan manomi ne, ya ga hadari ya kwashe shanya. Bayansa biyu sun zo, sun koya, sun tafi. Sana'ar nan tana saurin nuna wa yaro hanyar tasha. Allah ya ba su sa'a."

Tana rufe baki fitilar ɗakin ta mutu. Na'urar sanyi ta yi shiru, wani akwatin batir a ƙasa ya fara kuka, ƙit, ƙit. Khalti Asha ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce da safe babban injin masana'anta ke riƙe su, amma da an tashi aiki bayan azahar sai abin da kahraba ta ga dama. Batiran ƙasa ba za su iya ɗaukar kowa ba. Ta kwantar da 'yan hayan ɗaya bayan ɗaya, ta bar na asibiti kaɗai. Yatsunta sun san hanya, ba ta nemi gilashi ba.

Muka zauna a duhu-duhu, zafi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba a daɗe sosai ba wuta ta dawo. Daga unguwar baya muka ji yara suna ihun murna.

"Kun ji? Yanzu duk Gadarif kowa zai kunna abin da ya mallaka a lokaci ɗaya. 'Yan hayata ma haka suke so. In na sake su tare, kowa zai ruga famfo da bokiti, ba wanda zai sami ruwa. Ɗaya ake tadawa, a jira lamba ta sauka, sannan na gaba."

Ta tada na mizani. Lambar tana fitowa ne a wata 'yar taga da ba ta karɓar babban rubutu. Ta ɗauki gilashin, ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo, ta rufe idon hagu. Daga inda nake ina ganin gilashin yana kan layin da ke ƙasa da wanda take nema. Ta gyara, ta sake wucewa. Sai ta miƙa hannu ta ɗora a jikin akwatin, ta ɗan jima, ta janye.

"Bara aka sa mana sababbin faya-fayai a sama, marasa juyi," in ji ta. "Suna da sauri, ma sha Allah. Amma ba allura, ba rawa. Ba sa magana da hannu. Wa za ta karanta mini?"

Tasnim ta matsa. "Ɗari da tamanin. Ɗari da sittin. Ai yana sauka, Khalti, tada na gaba." Hannunta har ya nufi madannai.

"Bari."

Wayar tebur ta yi ƙara. Khalti ta ɗauka. Muna jin muryar mutum tun daga nesa.

"Wa alaikumus salam, ya Hajj, ko da ba ka yi ba. Na sani. Lori ɗaya ne, ba zai narke ba. Ba shi ruwa ya sha."

Ta ajiye. Tasnim ta gaji da kallon lambar, ta koma duba zaren wayoyi. Sauran suna fifita da littattafai. Ni ina ganin tagar ta tsakanin kafaɗunsu. Casa'in. Ta koma ɗari da goma, ban san dalili ba. Saba'in. Ta daɗe a arba'in da wani abu kamar ba za ta motsa ba. Leɓɓana suna karantawa, amma murya ta ƙi fita. Sai da Khalti ta sake tambaya, Tasnim ta dawo ta ce tara. Lokacin lambar ta jima a tara.

Ta tada na gaba, aka sake jira. Haka har suka tashi duka, fitilu suka koma ƙiftawarsu.

Da muka zo tafiya, 'yan ajinmu suka yi godiya suka fita neman raksha. Ni na tsaya ɗaura igiyar takalmi, ta kuwa ƙulle mini. Ustaza Mahasin ta rage murya, ta karya dokar da ta kafa mana.

"Asha, Kasala fa?"

"Bayan kaka."

"Haka kika ce bara."

"To in bar su wa, Mahasin? Ba injiniya nake nema ba. Babban gyara Nuraddin zai iya shiga daga can ya yi, in hanyar sadarwa ta yarda. Wanda zai zauna a kujerar nan bayan azahar nake nema. In wuta ta ɗauke ya kwantar da su, in ta dawo ya tada su bi da bi, ya jira lamba, ko Hajj Musa zai fasa wayar. Abin da za a koya kafin riɗi ya shigo ne. Zaman ne ba mai so."

"Idon fa ba zai jira ki sami mai zama ba."

"Allah Karim," in ji Khalti, ta juya ga allonta.

Na fita. Raksha ta zo, kowa ya shiga, Tasnim tana ba da labarin tsohon direban kamar a gabanta aka yi. Na sa ƙafa ɗaya, na sauke. Na ce wa Ustaza ina zuwa. Ban jira ta tambaye ni ba, don in ta tambaya ba zan koma ba.

Khalti ta ji buɗe ƙofa ta juyo, tana ƙanƙance ido.

"Wace ce?"

"Rukayya ce. 'Yar Abakar tela."

"Ta bakin ƙofa? Ashe kina da murya. Me kika manta?"

Na riƙe gefen mayafina da hannu biyu. Abin da na shirya a waje duk ya gudu, sai na faɗe shi yadda ya zo.

"Khalti, makaranta da azahar take tashi. Ni ina iya zama. Ki bar ni in riƙa zuwa ina karanta miki lambar, ki koya mini wanda ake tadawa da farko da wanda ke bin sa. In na iya kafin riɗi ya shigo, ki tafi Kasala. Amma don Allah ke za ki je ki gaya wa Babana. Ni ba zan iya ba."